Yaya Zan Fara Shirin Rediyo da Ɗalibaina Alhali Ba Mu da Situdiyo?

Wata malama da ke koyar da darasin Al'adu da Fasahar Ƙirƙira a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati ce ta aiko da wannan tambaya. Ta ce ɗalibanta 'yan aji biyu, su kusan 70, sun gaji da zane da saƙa a kowane zango, don haka tana so su gwada haɗa shirin rediyo. Sai dai makarantar ba ta da ɗakin ɗaukar shiri, kwamfuta guda ɗaya ce a ofishin shugaba, wutar lantarki kuma ba kullum ake samunta ba. Tana so ta san ko abin zai yiwu, da me za ta fara, kuma ko ya kamata su tara kuɗi su sayi ƙaramar na'urar watsa shiri domin mutanen unguwa su riƙa kama su a akwatunansu.

Malama, assalamu alaikum. Abin zai yiwu, kuma da abin da ke hannunki a yau za ki iya farawa. Na daɗe ina aikin tsara shirye-shiryen rediyo, na kuma yi zanguna da dama ina taya malamai irinki aiki da 'yan makaranta, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban ga shirin yara da rashin kayan aiki ya kashe ba. Waɗanda na ga sun mutu, an fara su ne da sayen kaya kafin a koya wa yaran sauraro, sai makirufo ya ƙare a cikin durowar shugaban makaranta bayan mako uku, domin babu wanda ya san abin da zai ɗauka da shi. Kunne ake fara horarwa a wannan sana'a, kuma horar da kunne ba ya cin ko kwabo.

Bari in fara kawar da maganar na'urar watsa shiri, tun da ita ce za ta ci kuɗi. Kada ku saya. A Nijeriya babu mai ikon watsa shiri a iska sai da lasisin Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta shekarar 1992, kuma ko tashoshin jami'o'i irin na Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya da lasisi suke aiki. Dokar tana da dalili. Zangon FM yana ƙarewa ne a mita 108, daga nan kuma sai zangon da jiragen sama suke amfani da shi, sannan ƙananan na'urorin da ake sayarwa da araha sukan zubar da sauti zuwa mitocin da ba nasu ba. Akwai hanyoyin halal na kai shirin ga masu sauraro, zan zo kansu a gaba.

Idan shugaban makaranta ya tambaye ki inda rediyo ya shiga cikin manhajar karatu, amsar a fili take. Darasin da kike koyarwa, kamar yadda hukumar tsara manhaja ta NERDC ta shimfiɗa shi, ya tattara zane da kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo da rawa da sana'o'in hannu a wuri guda, kuma shirin rediyo na minti biyar yana iya ɗaukar rubutu da wasa da waƙa da tarihin sana'a a lokaci ɗaya. Ban da haka, yaran da ke gabanki 'ya'yan al'ummar da ta daɗe da sanin darajar kunne ne. Kafin akwatin rediyo ya shigo gidajenmu, tsohuwa takan tara jikoki da dare ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta", ta kawo musu Gizo da Ƙoƙi da murya kaɗai, ta sirance ta a nan ta kaurara ta a can, har yaro ya ƙanƙame ɗan'uwansa don tsoron Dodo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri ranar 13 ga Maris 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, kuma saurin da jama'a suka rungumi rediyo yana da nasaba da wannan tsohuwar tarbiyyar sauraro. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ta rediyo jihohi irin su Kano da Kaduna suka ci gaba da kai darussa gidaje. Ɗalibanki sun san rediyo a matsayin masu karɓa, abin da ya rage shi ne su tsallaka ɗaya ɓangaren.

Makonni biyun farko kada ki fito da waya ko kaɗan. Ki sa ajin ya yi tsit, kowa ya rufe ido na minti biyu, sannan kowa ya rubuta duk abin da ya ji. A karon farko mafi yawansu za su rubuta abu uku ko huɗu: mota, surutun ajin da ke kusa, tsuntsu. Ki maimaita a darasi na gaba, ki ce wannan karon su rarrabe na kusa da na nesa, da mai ɗorewa da mai yankewa, da wanda mutum ya yi da wanda inji ya yi. A wata makaranta da na yi wannan, wani yaro da ke zama a bencin baya, wanda malaminsa ya ce da wuya ya buɗe baki a aji, ya cika shafi guda. Ya ji ƙarar kwanon rufi yana ɗan ƙas-ƙas saboda zafin rana, ya ji injin markaɗe a bayan katanga ya canza murya lokacin da aka zuba masa sabon hatsi, ya ji mai tallan awara ta kira sau biyu kafin wani ya amsa mata. Shi muka ɗora a kan ɗaukar sauti, kuma bai taɓa kawo mana abin da za a sake ɗauka ba. Bayan wannan, ki kawo akwatin rediyo aji, ku saurari minti biyar na wani shiri, ki tambaye su muryoyi nawa suka ji, a ina kiɗa ya shigo, a ina ya fita, me mai gabatarwa ya faɗa a jimlarsa ta farko da ya hana su kau da kunne. Daga ranar da yaro ya gane cewa shiri ginawa ake yi tubali bisa tubali, sauraronsa ya canza ke nan.

Game da kayan aiki, wayar hannu ta zamani, ko da mai arha ce, tana da makirufon da ya isa wannan aiki. Ki raba ajin rukuni-rukuni, mutum bakwai ko takwas, wanda zai ba ki rukuni tara ko goma, kuma waya uku sun ishe ku idan aka tsara karɓa-karɓa. Tun da makarantu da yawa sun hana ɗalibai riƙe waya, ya fi kyau wayoyin su zama na makaranta ko na malamai, a cire musu layi, a ajiye su a hannunki, a rubuta sunan rukunin da ya ɗauka da lokacin da ya dawo da ita. Idan akwai layi a ciki, a sa ta a yanayin jirgin sama kafin a fara, domin kira ɗaya yana iya yanke hirar da ba za a sake samun irinta ba. Idan ƙungiyar iyaye da malamai za ta taimaka da wani abu, abin sawa a kunne nake so a fara saya, sai katin ajiya, sai ƙaramin abin caji mai amfani da hasken rana. Abin sawa a kunne na sa a gaba domin kunnen ɗan Adam yana da wata baiwa da makirufo ba shi da ita: muna iya tace hayaniya mu bi muryar wanda muke so, shi kuwa makirufo duk abin da ya zo masa yake haɗiyewa. Janareton maƙwabta da kowa ya saba da shi har ya daina jin sa, a cikin sautin da aka ɗauka shi ne zai fi kowa magana.

Tazarar da ta dace tsakanin baki da waya wajen santimita 15 zuwa 20 ce, kuma a ɗan karkatar da ita gefen baki domin iskar da ke fita da haruffa irin su "f" da "b" kada ta bugi makirufon. Yara sukan riƙe waya a ƙirjinsu alhali mai maganar yana can nesa, sai a ji mai tambaya raɗau, mai amsa kuwa kamar daga cikin rijiya. A lokacin hunturu iska babbar abokiyar gaba ce, maganinta kuwa a sa wa gindin wayar safa mai tsabta ko guntun soso, a kuma juya wa iskar baya. Ajin da ke da bangon siminti da daɓen siminti da rufin kwano shi ne wuri mafi muni na ɗaukar murya, domin sauti yana dukan bango ya dawo, amsa-kuwwa ta cakuɗe kalmomi. Abu mai laushi shi ke shanye sauti. Ɗakin ajiyar littattafai, ko ƙaramin ofis da aka rataya wa barguna aka shimfiɗa wa tabarmi, ko cikin mota a tsaye an rufe gilasai, duk sun fi aji nesa ba kusa ba, haka ma ɗakin ƙasa mai rufin azara idan akwai shi a kusa. Gwajin mai sauƙi ne: a tafa hannu sau ɗaya, idan tafin ya yi jela a nemi wani wuri. A ƙarshen kowace ɗauka kuma a bar wayar ta ci gaba da aiki na daƙiƙa 30 kowa ya yi shiru, domin kowane wuri yana da nasa irin shirun, kuma da shi ake cike giɓi wajen tacewa.

Yanzu sai babbar magana, wato abin da za su ɗauka. Idan kika bar su, rukuni tara cikin goma za su kawo miki kwaikwayon labaran duniya, yaro ya kumbura murya yana karanta abin da ya kwafo, ko kuma wasan faɗakarwa a kan shaye-shaye wanda kowa ya san ƙarshensa tun daga jimlar farko. Ba na raina kwaikwayo, da shi kowa ya fara, amma ba na so zangon ya tsaya a nan. Ki ɗora musu sharaɗi guda: kowane shiri dole ya ƙunshi muryar wani mutum na gaske daga unguwarsu, wanda ya san abin da su ba su sani ba. Maƙeri da zugazuginsa, marini, mai ginin tukwane, wanzami, ungozoma, mai kiɗan kalangu, direban da ya shekara 30 a kan hanya ɗaya, tsohuwar da ta san waƙoƙin gaɗa na zamaninta. Wannan shi ne abin da babu wata babbar tasha da za ta fi ɗalibanki iyawa, domin ɗan jarida baƙo ne a zauren maƙeri, su kuwa 'ya'yan gida ne.

Wata yarinya 'yar aji biyu ta taɓa kawo mini hirar da ta yi da kakarta a kan waƙar daka. Minti shida na farko babu wani abin kirki, tsohuwar tana amsawa da "i" da "a'a", tana cewa ita ta manta, waɗannan abubuwan da ne. Sai yarinyar ta yi dabarar da ban koya mata ba: ta je ta jawo turmi, ta zuba gero, ta miƙa wa kakar taɓarya. A cikin sautin ana jin dukan farko da na biyu ba su daidaita ba, a na biyar lugude ya kama, sai muryar tsohuwar ta fito ƙasa-ƙasa, sannan ta buɗe, har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana amsa mata. Da aka gama, tsohuwar ta yi bayanin cewa baiti kaza habaici ne ga kishiya, baiti kaza kuma kewar gidan iyaye ne, bayanin da ba ta iya yi ba lokacin da take zaune hannu sake. Da aka kunna shi a aji babu wanda ya motsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma tun daga ranar nake gaya wa yara su nemi mutum yana cikin aikinsa, domin hannu yakan tuno wa baki abin da ya manta.

Hira da manya tana da nata ladabin, kuma a nan ne littattafan koyon aikin jarida da aka rubuta a wasu ƙasashe ba za su taimake ki sosai ba. Yaronmu an tarbiyyantar da shi kada ya tsare babba da ido, kada ya yawaita masa tambaya, kada ya katse shi. Wannan tarbiyya ba cikas ba ce idan aka san yadda za a bi da ita. A fara da cikakkiyar gaisuwa waya tana aljihu, a faɗi daga inda aka zo da abin da ake so da inda za a kunna shi, a nemi izini, sannan a fito da waya. Yaro yana iya tsugunawa kusa da dattijo ya miƙa hannu da wayar, kuma wannan zaman ma ya fi ba da tazarar da ake so. Abin da ya fi ba su wuya shi ne yin shiru. A hirarmu ta yau da kullum mai sauraro ba ya barin mai magana shi kaɗai, yana ta "na'am", "to", "ƙwarai kuwa", "Allah sarki", kuma rashin yin haka rashin ladabi ne. A cikin sautin da aka ɗauka kuwa waɗannan kalmomi suna hawa kan maganar dattijon, babu yadda za a cire su. Mafita ita ce yaro ya faɗa tun farko: "Baba, idan na kunna zan yi shiru ina gyaɗa kai, saboda na'urar ce, a yi mini afuwa." Ban taɓa ganin dattijon da ya ƙi fahimtar wannan ba. Tambayoyin kuma su zama masu buɗe baki, irin su "yaya aka yi kuka fara", "me ya sa ake yin kaza kafin kaza", "a ba mu labarin ranar da", domin tambayar da ta fara da "shin" amsarta kalma ɗaya ce. Idan dattijo ya yi shiru bayan amsa, a ƙirga uku a zuci kafin a yi wata tambayar, sau da yawa maganar da ta fi daraja a bayan wannan shirun take fitowa.

Rubutun mai gabatarwa shi ne inda darasin harshe yake ɓoye. Mai karanta littafi yana iya komawa baya, mai sauraro ba ya iyawa, saboda haka kowace jimla ta ɗauki magana ɗaya, a ambaci mai magana kafin a kawo maganarsa, a kuma sauƙaƙa lissafi, a ce "kusan dubu biyu" maimakon a jero lambobi har huɗu. Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo kamarsu ɗaya a takarda, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa, haka "ya tafi" na labarin abin da ya wuce da "ya tafi" na umarni. Yaron da ya hau karatu ba tare da ya fahimci jimlar ba sai ya yi tuntuɓe a tsakiyarta. Don haka kowane rubutu a karanta shi da ƙarfi sau uku kafin a ɗauka, a ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke da harshen damo, a sa alama inda za a ja numfashi. Duk jimlar da mai karatu ya kasa kai wa ƙarshenta da numfashi ɗaya, a raba ta biyu. Mai gabatarwa ya yi amfani da daidaitacciyar Hausa, amma wanda aka yi hira da shi a bar masa karin harshensa, ko Sakkwatanci ne ko Katsinanci ko Zazzaganci, kada wani ya ce zai gyara masa. Idan makaranta ta dage sai an ji Turanci, su yi gabatarwar shirin da harsuna biyu, muryoyin mutanen gari kuma su zauna yadda suke.

Rukunin da ya zaɓi wasan kwaikwayo ko tatsuniya zai fi kowa jin daɗin aikin, domin su ne za su ƙera sauti da hannunsu. Ƙoƙo biyu a kife a kan daɓe suna ba da sukuwar doki, gero da ake zubawa a hankali a kan faranti yana ba da yayyafi, leda da ake murzawa kusa da makirufo tana ba da wuta mai ci, guntun kwanon rufi idan aka girgiza shi yana ba da cida, tsakuwa a cikin tire kuma tana ba da takun mai tafiya. 'Yan wasa kada su wuce huɗu a fage ɗaya, muryoyinsu su bambanta sosai, kuma su riƙa kiran sunayen juna fiye da yadda ake yi a zahiri, tun da mai sauraro ba ya ganin wanda ya shigo. Nisa da kusanci da makirufo shi ne dandamalinsu: wanda zai fita ya ja da baya yana magana, wanda zai yi raɗa ya matso. Kiɗa kuwa su yi nasu, da tafi da shantu da ƙwarya da gwangwani. Waƙar da aka sauko da ita daga intanet tana da mai ita, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare ta, kuma tasha mai mutunta kanta za ta iya mayar muku da shirin saboda ita.

Kwamfuta ɗaya ta isa tacewa idan aka yi mafi yawan aikin a takarda. Kowane rukuni ya saurari abin da ya ɗauko, ya rubuta a littafi cewa daga minti kaza da daƙiƙa kaza zuwa kaza an faɗi kaza, sannan su yi muhawara a kan guntaye huɗu ko biyar da za su shiga da yadda za a jera su. Wannan muhawara ita ce zuciyar darasin, kuma kowa yana iya shiga cikinta ko ba wuta. Sai an gama ta ne mutum biyu za su zauna gaban kwamfuta da manhajar Audacity, wadda kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Su koyi yanka da jerawa da daidaita ƙarfin murya da shigo da kiɗa a hankali, wannan ya wadatar a zangon farko. A ajiye asalin sautin idan wayar ta yarda a matsayin WAV, wato irin fayil ɗin da ba a matse sautinsa ba, wanda ke cin wajen megabait 5 ko fiye a minti ɗaya, a kuma fitar da gamammen shirin a matsayin MP3, wanda ke cin wajen megabait 1 a minti. Idan za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin saƙon murya matse sauti yake yi. Shirin kada ya wuce minti uku zuwa biyar, saboda a abin da na gani, sabon hannu yakan ci kusan awa guda kafin ya tace minti ɗaya.

A wajen yankan nan ne za ki koya musu amana. Idan ɗan kasuwa ya ce "da can kasuwar nan ta fi haka cika, amma yanzu an fi samun riba", aka yanke rabin na biyu, kowace kalma tasa ce amma an yi masa ƙarya. Ma'aunin da nake ba yara shi ne su tambayi kansu ko za su iya kunna shirin a gaban mai maganar ba tare da sun sunkuyar da kai ba.

Kare yaran kansu yana wuyanki. Ki rubuta wa iyaye takarda da Hausa, ki faɗi abin da za a ɗauka da inda za a kunna shi, su sa hannu ko su dangwala, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙaci yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan wanda bai kai shekara 18 ba, murya da suna kuwa suna cikin bayanan mutum. A shirin a ambaci sunan yanka kaɗai, ban da sunan mahaifi ko kwatancen gida. Kada ɗalibi ya fita hira shi kaɗai, kada a fita bayan magariba, kuma a nisanci siyasar jam'iyya da zargin wani da sunansa. Za ki samu iyayen da ba su yarda a ji muryar 'yarsu a waje ba. Kada ki yi jayayya da su, kada kuma ki cire yarinyar daga aikin, domin rubutu da tsara shiri da tacewa duk ba sa buƙatar a ji muryarta, kuma a gidan rediyo mai tsara shiri shi ke riƙe da linzami. Sau da yawa 'yan mata ne ke dawowa da sauti mafi daraja, tun da suna shiga cikin gida inda namiji baligi yake tsayawa a zaure.

Wajen ba da maki, ina roƙon ki kada ki auna zaƙin murya, domin wannan halitta ce, ba ƙoƙari ba. Ki auna littafin aikin rukuni, da ingancin tambayoyi, da tsabtar sauti, da yadda aka jera shirin, da ko kowa ya taɓa kowane aiki. Ki kuma daure ki janye hannunki daga rubutunsu. Na sha ganin malami ya karɓe rubutun yara ya mayar da shi jawabin babban mutum saboda baƙi za su saurara, sai a ji yaro ɗan shekara 13 yana furta kalmomin da bai san ma'anarsu ba. Ki gyara kuskuren gaskiya da na ladabi, ki bar musu sauran.

Masu sauraro na farko su ne 'yan makaranta a taron safe, ta lasifikar da ake yin sanarwa da ita, shiri ɗaya a kowane mako. Na biyu su ne iyaye a taron ƙungiyarsu, kuma ina ba ki shawara ki gayyato maƙerin da tsohuwar da aka yi hira da su, a ba su kujera a gaba, su ji muryarsu tana fita daga lasifika. Bayan nan ne za ki zaɓi shirye-shirye biyu ko uku mafi tsabta ki kai wa tashar da ke kusa da ku. Ki nemi mai kula da shirin yara da kansa, ki tambaye shi tsawon da yake so da irin fayil ɗin da suke karɓa, ki je masa da takardun yardar iyaye a hannu. Lokacin da ya fi dacewa a ƙwanƙwasa wannan ƙofa shi ne gabanin 13 ga Fabrairu, Ranar Rediyo ta Duniya da hukumar UNESCO ta ayyana a 2011, ko gabanin Ranar Yara ta 27 ga Mayu, domin a waɗannan ranaku tashoshi da kansu suke neman muryoyin yara. Idan kika fara a zangon farko, shirye-shiryenku za su kammala kafin Fabrairu.

Asalin hirarrakin kuma, har da sassan da ba su shiga shiri ba, a adana su a wuri biyu, a katin ajiya da cikin kwamfutar ofis, kowane fayil da kwanan wata da sunan sana'a da unguwa, a kuma kai wa iyalin wanda aka yi hira da shi nasu kwafin a wayarsu. Tsohuwar nan mai waƙar daka ta rasu bayan shekara biyu, kuma jikarta ta gaya mini cewa a kwanakin zaman makoki 'ya'yan marigayiyar sun yi ta karɓar wayar suna kunna wajen da lugude ya kama.